Gidan Alhaji a cikin akwatin talabijin: ƙa'idojin teyatur ɗin da, da darasinsu ga na yau

Duk wanda ya sauka a Waca da almuru a ƴan shekarun nan, ya bi ta bakin tasha ko ta gefen kasuwa, zai tarar da samari zaune gungu-gungu a gaban mai shayi, kowane da wayar salula a hannu, hasken allo yana dukan fuskarsa. Can sai ka ji ɗaya ya fashe da dariya shi kaɗai, na kusa da shi bai san abin da ya ba shi dariya ba. Dattawa kuwa, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a zamanin Samariya, suna tuna lokacin da akwatin talabijin ɗaya tak yake tara unguwa guda, maza a gefe, mata a gefe, yara a gaba kan rairayi, in an yi dariya a yi ta tare. Abin da ya fi tara su a wancan lokaci shi ne teyatur, wato wasan kwaikwayo na Hausa, musamman irin wanda ake shiryawa a kan zaman gida: mai gida da matansa, ƴaƴa da barori, surukai da maƙwabta.

Ni kaina ban riski wancan zamani da wayona ba. Abin da na riska shi ne gidan bidiyo na zana da buhu, inda muke biyan dala biyar mu zauna a kan benci, gurup yana ruri a bayan danga, muna kallon kaset ɗin da fatake suka sayo daga Kano. To amma Tele Sahel takan maimaita tsofaffin wasanni, ta nan ne irinmu suka san fuskokin da iyayenmu suke ba mu labari. Da na girma na sake kallon abin da ya sawwaƙa daga cikinsu, sai na lura cewa wasannin nan suna da tsari tsayayye, kamar murhu mai duwatsu uku: gida ɗaya da mutanensa sanannu, ƙarya guda da take girma, da kuma sulhu a ƙarshe. Wannan tsari ne ya ba su damar gaya wa mai gida gaskiya a gaban iyalinsa ba tare da gidan ya watse ba. Yau dutse na ukun yana neman gocewa, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Koramu biyu da suka haɗu a Waca

Waca tana kudu maso gabashin birnin Damagaram, cikin gundumar Magarya, a ƙasar da tarihi ya sani da sunan Sosebaki, tare da Mirya da kuma Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙasa ce ta fadama da rake, kuma mutanenta sun daɗe suna kai da kawowa tsakaninsu da kasuwannin Maigatari da Ɓaɓura da Kano. Saboda haka wasan kwaikwayo ya iso musu ta hanya biyu, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu.

Ta arewa ita ce ta gida. An fara talabijin a Nijar a 1964, amma ta makaranta ce, don koyar da yara a aji. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kunce, ta zama ta jama'a duka da sunan Tele Sahel, gwamnati ta kuma rarraba akwatunan kallo na gayya a garuruwa da ƙauyuka, wasunsu da hasken rana suke aiki. A wannan lokaci ne aka farfaɗo da Samariya, aka kuma soma bikin matasa na ƙasa a 1976, inda kowace jiha take kawo waƙarta da rawarta da teyatur ɗinta a yi gasa. Ƙungiyar da ta fi yin suna a harshen Hausa ita ce ta gidan rediyon ORTN na Damagaram, wadda sunan Yazi Dogo ya zama tambarinta. Shi malamin makaranta ne, kuma da yawa daga ƴan wasan wancan zamani ma'aikata ne, da rana suna aji ko biro, da yamma suna fagen gwaji. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta bi irin waɗannan ƙungiyoyi, ta fitar da littafi a kansu a 1987. Cikin abin da ta nuna akwai cewa ba a rubuta wasan kalma da kalma. Ƴan ƙungiya sukan zauna su yarda a kan jigon labari da jerin fitowa, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowa ya kawo maganarsa daga bakinsa. Wannan yana yiwuwa ne domin kowane ɗan wasa ya san halin mutumin da yake kwaikwaya kamar yadda ya san yunwar cikinsa.

Ta kudu kuwa ita ce ta rediyo da talabijin na arewacin Nijeriya. Daga Kaduna aka san Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya fito a cikinsa, tsohon soja ne da ya rasu a 2023. Aka san marigayi Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017. Daga Jos aka san Karkuzu na Bodara, daga Kano kuma Kuliya Manta Sabo. Wanda hoton bai kai gare shi ba, ya ji ta rediyo ko ta bakin ɗan'uwansa da ya dawo daga fatauci.

Koramun nan biyu mafarinsu ɗaya. Tun kafin a san akwatin talabijin, akwai tatsuniya da Gizonta da Ƙoƙinta, akwai tashe a watan azumi, akwai ƴan kama masu mai da abinci abin ba'a. A ƙasar Damagaram kuma akwai wasan kara, wanda ake yi bayan kaka, inda talakawa suke naɗa junansu sarki da gwamna da kumandan, su yi kayan sarauta da bindigogi na karan gero, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu, manyan kuma suna kallo suna murmushi. Teyatur ya gaji wannan izini, ya shigar da shi tsakar gida.

Dutse na farko: gida ɗaya, mutane sanannu

Ƙa'ida ta farko ita ce mai kallo kada ya wahala wajen gane kowa. Da an ɗaga labule, tufafi da tafiya da gaisuwa sun gaya maka wane ne wane. Wurin ma sananne ne: zaure, tsakar gida, ɗakin uwargida, teburin biro, rumfar kasuwa.

A tsakiya akwai mai gida, galibi Alhaji ne ɗan kasuwa, da babbar riga da carbi da mabuɗan sito a aljihu. Ba mugu ba ne. Yana da dai aibi guda da kowa ya sani, ko rowa, ko son ƙarin aure, ko cika baki. A zaure zaki ne, a cikin gida kuwa yana taka sannu. Dariyar da ake yi masa tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman da yake ba kansa da abin da iyalinsa suka sani game da shi.

Bayansa akwai uwargida, mai haƙuri da dogon tunani, wadda ta san adadin kuɗin cefane tun daga ranar da aka kawo ta. Tana magana da habaici, tana aika saƙo ta sunan zane ko ta waƙar daka. Kusa da ita amarya, mai son kwalliya da kayan yayi, wadda take zaton daɗin bakin Alhaji zai ɗore. Sai kuma tsohuwa dillaliya ko maƙwabciya mai gulma, wadda ba ta shiga gida sai da labari, ba ta fita sai da wani. Aikinta a cikin wasa babba ne: ita ce take ɗaukar sirri daga ɗakin da ya dace ta kai shi ɗakin da bai dace ba.

Yaron gida shi ne magajin Gizo. Ba shi da dukiya, ba shi da muƙami, amma ya san inda kowa ya ɓoye abinsa. Ana aikensa da saƙo ya juya shi, ana tsawata masa ya rusuna ya ce ranka ya daɗe, da an juya baya ya harari masu kallo, su kuma su gane. Kamar Gizo, wayonsa yakan ci da shi sau biyu, a na uku ya kama shi.

Daga waje ake shigo da sauran. Akwai boka ko malamin tsibbu mai neman baƙin bunsuru da jika goma. Akwai baƙauye da ya zo birni yana gai da madubi. Akwai tsohon soja: a teyatur ɗin Nijar shi ne wanda ya dawo daga yaƙin Faransa da lambobi a ƙirji da gurɓataccen Faransanci a baki, a Kaduna kuma shi ne Samanja, mai Hausar bariki gauraye da Turancin fareti. Akwai kuma wanda masu karatunmu ma'aikata suka fi kowa sani, wato ɗan boko mai kwat da jaka, wanda ba ya iya jimla guda ba tare da ya tsoma mata Faransanci ba, yana cewa a dawo gobe, alhali sunansa yana shafin farko na littafin bashin mai shago. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990, lokacin da albashi yake kwana watanni a hanya, aka kuma karya darajar sefa a watan Janairun 1994, ba ya bukatar a fassara masa wannan hoto.

Na ƙarshe shi ne dattijo mai sulhu: wan mai gida, ko liman, ko mai unguwa. Ba ya ba da dariya, fitowarsa ma kaɗan ce, amma in babu shi wasa ba ya ƙarewa.

Abin lura shi ne mutanen nan ba sa canzawa. Alhajin da ya yi nadamar rowa a wannan mako, mako mai zuwa zai dawo yana ƙirga ƙwayar sukari. Wani zai ce wannan rauni ne. A ganina ƙarfi ne, domin mai kallo yana zuwa ne kamar mai ziyarar dangi: ya san halin kowa, abin da yake son gani shi ne wace sabuwar rigima ce tsohon hali zai haifar yau. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa.

Dutse na biyu: ramin ƙarya

Ƙa'ida ta biyu ta shafi tafiyar labari. Kusan kullum abu ƙarami ne yake tayar da shi, kuma kusan kullum akwai ɓoyo a ciki. Bari mu ƙaga misali irin nasu domin a ga yadda ake ɗaura zaren.

A ce Alhaji ya yi wa uwargida alkawarin kuɗin kayan ɗakin ƴarsu da za a aurar bayan salla. Sai ya ɗebi kuɗin a ɓoye ya sayi atamfofi da turare don wata yarinya da yake nema. Da uwargida ta tambaya, sai ya ce duwan sun kama masa kaya a iyaka. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma masu kallo sun gan ta tun tana jaririya. Yaron gida ya san gaskiya, domin shi ya ɗauko kayan daga kasuwa, saboda haka sai an toshe bakinsa da sabuwar riga. Uwargida ta tausaya wa mijinta, ta sayar da tunkiyarta, ta kuma ce za ta je wurin ƙanenta da yake aiki a duwan ya sa baki. Hankalin Alhaji ya tashi. Dole ya nemo wani ɗan tasha, ya ara masa kaki da hula, ya zo gida ya tabbatar da cewa lalle an kama kaya. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko tsada. Ana cikin haka sai ga ƙanen na gaskiya ya zo gaisuwa, ya tarar da abokin aiki da bai taɓa gani ba. Kafin a gama wannan, dillaliya ta yi sallama da ƙunshin atamfofi a ka, ta kuskure ɗaki, ta sauke a gaban uwargida. Ita kuwa ta ɗaga turmi ɗaya, ta duba, ta ce cikin sanyin murya: «Alhaji, ashe duwan ɗin atamfa suke ɗaurawa?»

Dabarar da ke cikin wannan gini ita ce mai kallo ya fi mutanen cikin wasa sani. Ya san abin da ke cikin ƙunshi kafin a kwance, ya san wanda ke bayan ƙofa kafin a buɗe. Shi ya sa a dandalin kallo na da ake jin mata suna yi wa uwargida kirari, yara suna yi wa Alhaji ihu ya gudu. Dariyar ta jira ce, irin ta wanda ya ga tarko ya kuma ga mai tahowa.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji da suke tafiya tare da wannan. Abu yakan faru sau uku, kamar a tatsuniya: na farko ya wuce lafiya, na biyu da ƙyar, na uku ya fashe. Kowane fitaccen ɗan wasa yana da kalma ko motsi da aka san shi da shi, wanda jama'a suke jira su amsa. Gaisuwa ba a taƙaita ta, domin a cikin tsawonta ne ake gane wanda ke da buƙata da wanda ke neman gudu. Sunan wasa kuma sau da yawa karin magana ne, don mai kallo ya shiga da rabinsa a ka, ya fita da cikonsa. Kuma duk abin da aka ƙulla a daren, a daren ake kwance shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba a barin sa ya kwana.

Dutse na uku: sulhu a zaure

A nan ne hikimar take. Bayan asiri ya tonu, ba a rufe wasa da kukan uwargida ko da korar yaron gida. Sai an aika an kira dattijo, an shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi nasa. Dattijo zai fara da mai gida, domin shi ne babba, laifinsa ya fi nauyi. Zai ce masa abin da matarsa ba za ta iya faɗa ba, da abin da ɗansa bai isa ya faɗa ba. Sa'an nan ya juya ga uwargida ya ba ta haƙuri, ya ja kunnen yaro, ya kori ɗan tasha da kakinsa na aro. Alhaji zai sunkuyar da kai, ya yi alkawarin mayar da tunkiya. An kunyata shi, amma ba a tuɓe masa rawani ba. Gobe shi ne dai mai gida.

Wannan ita ce iyakar da al'adarmu ta sa wa ba'a tun asali. Akwai wasa tsakanin taubasai, tsakanin kaka da jika, tsakanin mace da ƙanen mijinta, tsakanin Fulani da Barebari. A cikinsa kana iya gaya wa mutum magana mai zafi, shi kuma ba shi da damar yin fushi, amma da sharaɗin cewa zumunci yana nan bayan an gama. Hukumar UNESCO ta shigar da wannan wasan dangantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya abin adanawa a 2014. Teyatur ɗin gida ya ɗauki ƙasa duka ya mai da ita taubasai na ɗan lokaci. Ɗan kasuwa ya ga rowarsa, ma'aikaci ya ga «a dawo gobe» ɗinsa, mai mata biyu ya ga rashin adalcinsa, kowa yana dariya yana satar kallon maƙwabcinsa, alhali ya san da shi ake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba za mu ɓoye aibin tsarin ba. Sau da yawa darasin ƙarshe na gwamnati ne: a biya haraji, a kai yara lakwal, a je likita a bar boka, a rage almubazzaranci a biki. Wasu darussan masu amfani ne, amma an san iyakar da ba'a take tsayawa: tana iya taɓa ƙaramin ma'aikaci, ba ta hawa sama da haka. Mace kuma galibi ba ta wuce matsayi uku ba, ko mai haƙuri, ko mai kishi, ko mai gulma, kuma sulhun yakan ƙare da a ce mata ta ƙara haƙuri. Baƙauye ma ya sha dariya fiye da rabonsa, alhali shi yake noma geron da ɗan birni yake ci. Duk da haka, dandalin da aka tsayar da mai gida a gaban jama'a aka ce masa ka yi kuskure, ba ƙaramin abu ba ne a zamaninsa.

Ba mu kaɗai ba ne

Irin wannan wasa yana da dangi a duniya. A Amurka ana kiran sa sitkom, wato wasan ban dariya na mako-mako mai mutane tsayayyu da wuri tsayayye. Wanda ya kafa masa tsari shi ne I Love Lucy, da aka nuna daga 1951 zuwa 1957, inda Lucille Ball take fitowa a matsayin matar aure mai ƙulla dabara a ɓoye wa mijinta, dabarar ta rikice, a shirya kafin rabin awa ta cika. Ana ɗaukar sa da kyamara uku a gaban ƴan kallo, ana jin dariyarsu a cikin shirin. A Kodibuwa, Akissi Delta ta fito da Ma Famille a 2002, da Michel Bohiri a matsayin miji mai ido a waje, da Michel Gohou. Masu karatunmu da dama sun bi shi. A kudancin Nijeriya akwai Papa Ajasco na Wale Adenuga.

Ƙarya mai girma da hali marar canzawa duk ɗaya ne a ko'ina. Bambancin yana wurin sulhu. A gidan Ba'amurke mata da miji ne suke shiryawa su biyu a falo, domin gidan nasu ne su kaɗai. A namu kuwa sai an kira na uku, domin aure a wurinmu na dangi ne, kuma rigimar tsakar gida ta shafi unguwa. Haka nan ba mu taɓa bukatar a sa mana dariya a cikin akwati ba. Dandali yana kawo tasa.

Abin da ya canza

Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kaset ɗin bidiyo ya karɓe fage. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauki yaron gida da baƙauye ya haɗa su a jiki ɗaya, ya mai da su sarakunan wasa, ya kuma cika gidajen bidiyo daga Kano har Magarya. Bayan haka tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015, da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi a 2019. Wannan na biyun ya nuna cewa tsohon murhu bai mutu ba: ga tsoho attajiri mai rowa, ga ɗimbin ƴaƴa kowa yana hangen dukiya da tasa dabarar, ga gida ɗaya da ake komawa kullum. Jama'a sun karɓe shi hannu biyu, domin sun gane dangi.

To amma abin da ya fi yawa a wayoyin samarin Waca yau iri biyu ne. Na farko dogon zango ne irin na Labarina da Izzar So, da suka fito a 2020, inda ake yanke labari a daidai inda ya yi zafi don a dawo mako mai zuwa. Wannan sana'a ce mai kyau a fagenta, amma rigima a cikinta ba ta kwana ɗaya ba ce, takan shekara. Na biyu kuwa gajerun wasanni ne na minti ɗaya ko biyu a TikTok da Facebook da YouTube. A cikinsu akwai Alhaji, akwai amarya, akwai ƙarya da tonon asiri, sai dai lokaci ba ya isa a shimfiɗa tabarma. Wasan yakan tsaya a kan mari, ko zagi, ko guje-guje. An ɗora tukunya a kan duwatsu biyu. Yaron da ya kalli irin wannan sau ɗari a mako ya koyi yadda ake kunyata mutum, bai ga yadda ake mayar masa da mutuncinsa ba. Kuma yana kallo shi kaɗai, babu kaka a gefe da za ta ce masa: ka ga abin da ƙarya take jawowa.

Ba muna cewa a koma bara ba ne. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma cikin matasan nan akwai masu basira da za su iya tsayawa kusa da na da. Abin da muke roƙo abu uku ne, kuma duk suna hannun masu karanta wannan shafi. Na ɗaya, tsofaffin wasannin da aka ɗauka a kan kaset, a gaggauta juye su a kwamfuta, domin kaset ba ya jure zafi da ƙura. Duk ma'aikacin da yake da ta cewa a wannan fanni, ko wanda yake da kwafi a akwatinsa, ya san amanar da ke wuyansa. Na biyu, ƴan kasuwarmu da suke biyan kuɗin talla a rediyo, su tuna da ƙungiyoyin teyatur na Magarya da Dungas da Waca. Kuɗin da zai ɗauki nauyin wasa guda bai kai ribar mota ɗaya ta rake ba. Na uku, magadan gari da malaman lakwal su dawo da daren kallo na gayya a filin makaranta ko gidan matasa, ko da sau ɗaya a wata, inda tsoho da jikansa za su yi dariya a kan abu guda.

Ga matasa masu riƙe da kyamarar waya kuwa, shawara ɗaya ce: in kun tona asirin Alhaji, ku ƙara minti ɗaya ku kira wansa. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kowa ya sani; abin da mai kallo yake bukatar gani shi ne yadda ake ci gaba da zama bayan an saɓa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin ƴan wasanmu, ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.